Jirgi marar matuƙi zai iya kai na'urar farfaɗo da zuciya ƙauyukan Kebbi a kan lokaci?

Tambayar ta fito ne daga wani jami'in lafiya da ke aiki a ƙaramin asibiti a ƙasar Argungu. Ya ji cewa a Turai ana tura jirgi marar matuƙi ya kai na'urar farfaɗo da zuciya, wadda ake kira AED, wurin wanda zuciyarsa ta tsaya tun kafin motar asibiti ta iso. Yana so ya san ko hakan zai yiwu a ƙauyukan Kebbi, inda hanya ba kyau kuma babban asibiti yana da nisa, sannan idan ƙungiyar ci gaban garinsu za ta nemi tallafi a kan wannan, me ya kamata ta nema.

Malam, abin da ka ji gaskiya ne. An gwada, an rubuta sakamakon, kuma an ceci rai da shi. Sai dai aikin jirgin ɗan kaɗan ne a cikin dukan aikin: mintuna biyu ko uku yake ragewa a tsakiya. Idan babu wanda ya riga ya durƙusa yana danna ƙirjin marar lafiyar, ko kiran neman agaji bai shiga ba, ko babu asibitin da zai karɓe shi bayan zuciyar ta dawo, to jirgin zai iso ne ya tarar ana salati. A Kebbi waɗannan abubuwa uku su ne ba su tsaya da ƙafarsu ba tukuna, kuma su ya kamata kuɗin farko ya tafi gare su.

Zuciya tana bugawa ne bisa wani tsari na lantarki da ke cikinta. A wani nau'in tsayawar zuciya, tsarin nan yakan rikice, kowane sashe na tsokar ya riƙa motsi shi kaɗai, zuciyar tana karkarwa amma ba ta tura jini ko kaɗan. Kamar mata ne suna lugude sai kowace ta saki kiɗan tana sauke taɓarya lokacin da ta ga dama. Maganin shi ne a tsayar da su duka lokaci guda, su sake ɗauka tare. Abin da shokin AED, wato bugun lantarkin da na'urar take aikawa cikin ƙirji, yake yi ke nan. Yana tsayar da rikicin na ɗan lokaci domin zuciya ta koma kan tsarinta. Yawancin na'urorin yanzu suna ba da jul 120 zuwa 200 (jul ma'aunin ƙarfin shokin ne) ga babban mutum, kuma na'urar da kanta take karanta bugun ta yanke ko a ba da shokin ko kada a bayar. Mai riƙe da ita ba sai ya iya karanta komai ba.

Wannan karkarwar ba ta daɗewa. Cikin 'yan mintuna tana yin rauni har ta mutu murus, kuma zuciyar da ta yi tsit shokin ba ya tayar da ita. Ƙwaƙwalwa kuma tana fara lalacewa daga minti 4 zuwa 6 idan jini bai kai mata ba. Ƙididdigar da likitocin gaggawa suke aiki da ita ita ce kowane minti ɗaya da ya wuce ba a yi komai ba, damar rayuwa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Idan ana danna ƙirji yadda ya kamata, raguwar tana komawa kashi 3 zuwa 4. Wanda aka ba shokin cikin minti 3 zuwa 5 da faɗuwarsa, damarsa tana iya kai wa kashi 50 zuwa 70. Masu kallon ƙwallo sun ga wannan da idonsu ranar 12 ga Yuni 2021, lokacin da Christian Eriksen na Denmak ya yanke jiki ya faɗi a fili, aka danna ƙirjinsa nan take, aka ba shi shokin, ya farfaɗo har daga baya ya koma wasa.

Ƙasar da ta fi kowa yin nisa a batun jiragen ita ce Suwidin, inda masana na Cibiyar Karolinska suka yi aiki da kamfanin Everdrone. Idan aka kira lambar gaggawa ta 112, mai amsa kiran ya yi zargin tsayawar zuciya ce, sai ya tura motar asibiti da jirgin tare. Jirgin yana tashi daga rumfarsa da kansa, matuƙi yana lura da shi daga nesa bayan ya nemi izinin masu kula da sararin samaniya. Da ya iso, sai ya tsaya a sama kimanin mita 30, ya sauko da ƙaramar AED da igiya, ya juya. Ranar 9 ga Disamba 2021, a garin Trollhattan, wani dattijo mai shekara 71 ya faɗi yana share ƙanƙara a ƙofar gidansa. Wani likita da ke kan hanyarsa ta zuwa aiki ya gan shi, ya fara danna ƙirji, jirgin ya iso cikin minti uku da 'yan daƙiƙoƙi, aka ba da shokin, dattijon ya rayu. A lura da wanda ya fara isa wurin: likita ne, da hannunsa.

Babban binciken nasu ya gudana daga Afrilun 2021 zuwa Mayun 2022, da jirage biyar a yankin da ke da mutum kusan 200,000. An samu kira 211 da ake zargin tsayawar zuciya, amma sau 72 kawai jirgi ya tashi. Sauran lokutan abubuwa irin su ruwan sama, ko iska, ko dokar sararin samaniya ne suka hana. A cikin lokuta 55 da aka iya kwatanta lokacin isowar jirgi da na mota, jirgin ya riga motar sau 37, da tazarar minti 3 da daƙiƙa 14 a matsakaici. Daga waɗannan 37 ɗin, 18 ne suka tabbata tsayawar zuciya ce ta gaske. An manna na'urar a jikin mutum 6, an ba mutum 2 shokin, mutum 1 ya kai kwana 30 da rai. Wannan a ƙasar da ake koya wa yara danna ƙirji tun a makaranta, kowane gida yana da lamba, kuma motar asibiti tana biye da jirgin a baya. Rai ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, kuma mun ɗauki sakamakon a matsayin nasara. Amma duk mai neman tallafi ya kamata ya san waɗannan lambobin kafin ya yi wa jama'arsa alkawari.

Za ka ce ai a Kaduna ma akwai jiragen da ke kai magani. Haka ne. Kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitocin Ruwanda a 2016, ya shiga Gana a 2019, kuma yana aiki a Kaduna daga cibiyarsa ta Pambeguwa, da jihohin Kuros Riba da Bayelsa. Jirginsu mai fukafukai ne, yana gudun kusan kilomita 100 a sa'a, yana ɗaukar kaya ƙasa da kilo 2, yana kai wa nisan kilomita 80 ya saki kayan da 'yar lema ya koma. Ga jini, ko allurar rigakafi, ko maganin saran maciji, isowa cikin minti 30 ko 45 babbar ni'ima ce. Ga tsayawar zuciya kuwa, minti 45 zance ne na jana'iza. Ko da gudun kilomita 100, abin da jirgi zai ci cikin minti 5 bai kai kilomita 9 ba. Saboda haka cibiya guda mai hidima wa rabin jiha ba za ta yi wannan aikin ba. Dole jirgin ya kasance kusa da mutanen tun kafin a kira.

Jiragen Suwidin masu farfela da yawa ne, irin waɗanda ke iya tsayawa cak a sama, kuma kowannensu yana hidima ne a da'irar kimanin kilomita 6 daga rumfarsa. Da'irar nan faɗinta murabba'in kilomita 113 ne. Jihar Kebbi tana da kimanin murabba'in kilomita 36,800. Idan aka raba, ana buƙatar rumfuna fiye da 300 kafin a game jihar, kowace da jirginta, da batiranta, da wutar caji, da mai gadi, da mai gyara. Jihar da ke da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225, wannan ya zarce rumfa ɗaya a kowace mazaɓa.

Sai mu bi agogo a wani ƙauye mai nisan kilomita 6 daga rumfar. Magidanci ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida bayan la'asar. Minti na farko yana tafiya a kiran sunansa, da yayyafa masa ruwa, da fifita. Wani ya ce suma ce, wata ta ce farfaɗiya ce a kawo cokali, wani ya fara tofi. Kafin a tuna da waya an ci minti biyu ko uku. A sami mai waya, a sami sabis, kiran ya shiga, mai amsawa ya gane abin da ake faɗa a cikin kururuwa: wasu minti biyu. Jirgin ya sami izini ya tashi: minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tafiyar kilomita 6 a gudun kilomita 60 a sa'a: minti shida. Saukar da na'urar, ɗauko ta, buɗe riga, manna filastocin na'urar guda biyu a ƙirji, jiran na'urar ta karanta: minti biyu ko uku ga wanda bai taɓa riƙe ta ba. An haura minti 13. Idan duk tsawon lokacin nan ba wanda ya danna ƙirji, na'urar za ta ce babu buƙatar shokin, domin karkarwar ta riga ta mutu. Idan kuwa ana dannawa tun minti na biyu, akwai sauran dama. Daga cikin mintuna 13 ɗin nan, kimanin bakwai kawai ne na jirgi. Sauran duk na mutane ne, kuma koyarwa ce take rage su.

Abin da ya fi cinye lokaci a wurinmu shi ne rashin gane cewa zuciya ce ta tsaya. Mutum da yawa a mintunan farko sukan yi wani irin numfashi na kakari, baki yana buɗewa jefi-jefi kamar ana shaƙar iska da ƙyar. Masu kallo sukan kasu biyu. Wasu su ce yana numfashi, a bar shi ya huta. Wasu su ce gargara ce, a laƙƙana masa kalmar shahada. Wannan kakarin alama ce cewa zuciyar ta tsaya yanzu-yanzu kuma ƙwaƙwalwa ba ta gama mutuwa ba, wato lokacin da danna ƙirji ya fi amfani ke nan. Laƙƙana shahada da danna ƙirji ba sa karo da juna: ɗaya yana wajen kai yana laƙƙanawa, ɗaya yana kan ƙirji yana aiki. Wannan magana ta fi shiga idan liman ne ya faɗe ta bayan salla, shi ya sa duk shirin da bai jawo limamai da hakimai da dagatai ba zai tsaya a takarda.

Ga yadda ake yi, ko da jirgi ko babu. A dafa kafaɗarsa a girgiza, a kira shi da ƙarfi. In bai amsa ba, a duba ƙirjinsa na daƙiƙa 10, kada a wuce. In ba ya numfashi, ko kakari kawai yake yi, a nuna mutum ɗaya da suna a ce ya kira agaji, domin in aka ce "a kira mota" kowa zai zaci wani ya kira. A sauko da shi ƙasa mai tauri a rigingine. A kan katifa dannawar tana nutsewa cikin soso ba ta isa zuciya. A ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, kan rabin ƙasa na ƙashin ƙirji, ɗaya hannun a kansa, a miƙe gwiwar hannu, a danna da nauyin jiki. Zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kuma a bar ƙirjin ya dawo daidai bayan kowace dannawa, domin a lokacin ne zuciya take cika da jini. Wanda aka koya wa hura numfashi ya yi dannawa 30 da hurawa 2. Wanda bai iya ba ya ci gaba da dannawa kawai. A riƙa canjin hannu duk minti biyu, saboda gajiya tana rage zurfin tun kafin mai yi ya ji ya gaji. Haƙarƙari yana iya karyewa, musamman ga tsofaffi. Ba dalilin tsayawa ba ne.

Idan na'urar ta iso, mai dannawa ba ya tashi. Wani daban ne zai je ya ɗauko. Wannan ƙa'ida tana da muhimmanci ga batun jirgi, domin idan mutum ɗaya ne kawai a wurin, barin ƙirji a je neman inda na'urar ta sauka a bayan danga yana iya cinye ribar da jirgin ya kawo. A kunna ta, a buɗe ƙirjin gaba ɗaya, a goge zufa ko ruwa da tsumma, a kawar da laya ko sarƙa gefe. Filasta ɗaya a ƙarƙashin ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen hagu ƙasa da hammata. Akwai zane a jikin kowace. Idan gashin ƙirji ya yi yawa filastar ba ta kamawa, shi ya sa ake haɗa reza da almakashi a cikin jakar. Lokacin da na'urar take karantawa da lokacin shokin, kowa ya ɗauke hannunsa. Da an ba da shokin a koma dannawa nan take, ba tare da tsayawa neman bugun jijiya ba, har minti biyu su cika na'urar ta sake karantawa. Idan ta ce babu buƙatar shokin, ba lalacewa ta yi ba, a ci gaba da dannawa. Wanda ya faɗi a fadamar shinkafa a jawo shi kan busasshiyar ƙasa tukuna. Yaron da bai kai shekara 8 ko kilo 25 ba ana sa masa filastar yara. In babu, a sa ta manya, ɗaya a gaban ƙirji ɗaya a baya, kada su taɓa juna. Mace mai ciki ana yi mata duka, dannawa da shokin, kuma idan cikin ya girma wani ya tura shi da hannu zuwa gefen hagu domin jini ya sami hanyar komawa zuciya.

Batun mata yana buƙatar a tsaya a kansa. Gida ba shiga ne, maigida yana gona ko kasuwa, matar ta faɗi a cikin ɗaki. Namijin da aka horar a ƙofar gida ba zai shiga ba, in ma ya shiga ba zai buɗe ƙirjinta ba. Ga shi kuwa ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ciwon raunin zuciya bayan haihuwa ya fi yawa a duniya. Wani bincike a asibiti a Sakkwato ya samu kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari. Waɗannan mata, da masu hawan jinin da ya daɗe har zuciya ta kumbura, suna cikin masu hatsarin rikicewar bugu farat ɗaya. Don haka rabin waɗanda za a horar su zama mata: ungozoma, malaman Islamiyya, 'yan matan sakandare, matan da ke zagayen rigakafi gida-gida. Haka nan jirgi mai kyamara da zai tsaya a saman tsakar gidan mutane, sai an yi magana da masu gida tun farko a kan wanda yake ganin hoton da kuma ko ana ajiye shi.

Ba kowace tsayawar zuciya ce shokin yake magani ba, kuma wannan ya fi shafar karkararmu fiye da Turai. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, yaron da zawo da amai suka ƙarar da ruwan jikinsa, wanda maciji ya sara, wanda ya zubar da jini a hatsarin mota: zuciyarsu tana tsayawa ne saboda jini ko iska sun ƙare, kuma na'urar yawanci za ta ce babu shokin. Wanda ya nutse a ruwa, kamar yadda ake yawan samu a yankin Yawuri da Ngaski idan kwale-kwale ya kife, iska yake buƙata kafin komai: a hura masa numfashi sau 5, sannan a shiga 30 da 2. Wanda wutar lantarki ta ja kuwa, shi AED tana iya ceto, bayan an kashe wutar kafin a taɓa shi.

Sai yadda jirgin zai san inda za shi. Ƙauyukanmu ba su da lambar gida, kuma akasarin wayoyin da ke hannun mutane ƙanana ne masu maɓalli, ba sa aika taswira. "Bayan gidan mai unguwa, kusa da tsamiya" kwatance ne da ɗan kabu-kabu zai gane, jirgi ba zai gane ba. Maganin shi ne a zaɓi wuraren sauka tun kafin buƙata ta taso, filin makaranta, harabar masallaci, bakin kasuwa, a ɗauki ma'auninsu a taswira, a ba kowane lamba, a rubuta lambar da fenti a bango. Wurin ya zama ba wayar lantarki, ba dogayen itatuwa. Muryar na'urar ma matsala ce, domin yawancin waɗanda ake shigowa da su Turanci suke yi. A Kebbi ana buƙatar Hausa, kuma mai amsa kira a wasu yankuna zai gamu da masu Zabarmanci, Fulatanci, Dakarci ko Kambarci. Mafita mafi sauƙi ita ce mai kiran ya sa wayar a sifika, mai amsa kiran ya riƙa fassara umarnin yana ƙirga dannawa da shi.

Yanayi ma yana da nasa rabon. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi yana haura digiri 40. Yawancin AED an ƙera su su yi aiki tsakanin digiri 0 da 50, kuma ɗakin kwano a rufe ko cikin mota da rana yana iya wuce hakan. Zafi yana busar da danƙon filastar, yana rage ƙarfin batir, na na'urar da na jirgin, sannan iska mai zafi ba ta da kauri, farfela sai ta ƙara aiki kafin ta ɗaga kaya iri ɗaya. Hazon hunturu yana rufe kyamara, ƙura tana shiga injin. Guguwar farkon damina kuwa tana zaunar da jirgi a ƙasa gaba ɗaya. A gwajin farko na Suwidin ba sa tashi cikin ruwan sama ko iskar da ta wuce mita 8 a daƙiƙa. Abin takaicin shi ne lokacin da hanya ta fi yankewa shi ne lokacin da jirgin ya fi samun cikas.

A ɓangaren doka, tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya ta hana tayar da irin waɗannan jirage ba tare da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba. Tashi zuwa inda matuƙi ba ya ganin jirgin da idonsa yana buƙatar izini na musamman. Kusa da filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, ko kan iyakar Nijar da Benin ta wajen Kamba da Bagudo, sharuɗɗan sun fi tsauri. A maƙwabciyarmu Zamfara gwamnatin tarayya ta hana shawagin jirage a Maris 2021, sannan aka katse layukan waya a Satumbar shekarar; tsarin da ya dogara da kira da tashi zai tsaya cak a irin wannan hali. Akwai kuma tsoron jama'a, wanda yake da dalili. Bayan abin da ya faru a Tudun Biri ta Kaduna a Disambar 2023, inda jirgi marar matuƙi na soja ya jefa bam kan masu Mauludi, ba wanda zai zargi ɗan ƙauye idan ya ji ƙugi a sama ya ruga. Jirgin agaji sai ya zama da launi na daban da ƙara ta daban, kuma a kawo shi gaban jama'a da rana, ranar kasuwa, su gan shi yana sauke kaya sau da yawa kafin ranar da za a buƙace shi.

Idan zuciya ta dawo, aikin bai ƙare ba. Karkarwar tana yawan komowa cikin mintuna, saboda haka ba a cire filastocin, ba a kashe na'urar. Idan yana numfashi da kansa amma bai farka ba, a kwantar da shi ta gefe. Yana buƙatar iskar oksijin, gwajin bugun zuciya na ECG, da wurin da za a sa masa ido dare da rana, wani lokacin har da injin taimakon numfashi. Daga Argungu wannan na nufin tafiyar kimanin kilomita 50 zuwa Birnin Kebbi, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Sir Yahaya, ko kuma a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A kan mashin ba a iya danna ƙirji. Mota ce ake buƙata wadda mutum zai kwanta a ciki, wani ya durƙusa a gefensa, kuma a kira asibitin tun ana hanya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, kuma yana da kyau masu rakiya su san haka.

To me ƙungiyarku za ta nema? A ganinmu, mutum-mutumin koyon danna ƙirji guda huɗu ko biyar da na'urar koyo, da horon sa'a biyu ga 'yan kabu-kabu, 'yan agaji na masallatai, malaman makaranta, masunta da mata, ana maimaitawa duk wata shida domin hannu yana mantuwa. Sannan AED na gaske a inda jama'a suke taruwa: babbar kasuwa, tashar mota, masallacin Juma'a, filin ƙwallo, makarantar kwana, da Matan Fada lokacin bikin kamun kifi. Kuɗin guda a kasuwar waje yakan kama dala 1,000 zuwa 2,500. A sa kuɗin canjin filasta a cikin kasafin tun farko, domin sau ɗaya ake amfani da ita kuma tana da ranar lalacewa, galibi shekara 2 zuwa 5, batirin ma haka. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin duba 'yar fitilar da ke nuna lafiyar na'urar duk mako ya sa hannu a littafi. Kada a kulle ta a ofis. Na'urar da makullinta yake aljihun wanda ya tafi gona daidai take da babu. Ɗan kabu-kabun da aka horar, da na'ura a jaka, yana cin kilomita 3 a hanyar burji cikin minti 5 ko 6, kuma idan ya iso ya zo da hannu biyu da suka san aikin, abin da jirgi ba ya kawowa.

Inda jirgin ya fi mashin shi ne inda ruwa ya raba: ƙauyukan da ke tsallaken fadamar Gulbin Rima da damina, da tsibiran Kwara a ƙasar Yawuri, inda kilomita 3 a miƙe suke zama tafiyar sa'a guda ta kwale-kwale ko zagaye. A irin wurin ne ya dace a gwada rumfa ɗaya, a harabar asibitin da ke da sola da ma'aikaci dare da rana, kuma jirgin ya riƙa ɗaukar maganin saran maciji da allurar tsayar da jinin haihuwa tare da AED, domin kiran tsayawar zuciya shi kaɗai ba zai yi yawan da zai biya kuɗin matuƙi da batir ba. Kafin a fara da marar lafiya na gaske, a yi atisaye da mutum-mutumi a ƙauyukan ba tare da an sanar da rana ba, jirgi da mashin su tashi a kira ɗaya. A rubuta minti nawa daga kira zuwa fara danna ƙirji, daga kira zuwa tashi, zuwa sauka, zuwa manna filasta, da sau nawa iska ko sabis suka hana tashi. Ƙauyen da mashin ya riga jirgin manna filasta a mafi yawan gwaji, a cire shi daga taswirar jirgin a ajiye masa tasa na'urar a can.